Naushi a Hancin Shak: A Nan Ake Kuskure

Wannan bidiyon da kuke ta turo mana na Mick Fanning ne, ɗan Ostireliya, a gaɓar Jeffreys Bay ta Afirka ta Kudu, a watan Yulin 2015. Ana tsaka da wasan ƙarshe na gasar hawan igiyar ruwa, sai kifin shak ya ɓullo masa ta baya. Ya fita ko ƙwarzane babu. Mutane kan ce in ka ga shak, ka naushe shi a hanci. To Fanning a gadon baya ya naushe shi.

Dokokin farko a gurguje. Kada ka shiga ruwa da asuba ko da almuru, lokacin farautarsu ke nan. Ka guji bakin kogi da ruwa mai dauɗa. In tsuntsaye na ta faɗawa ruwa suna kamun ƙananan kifaye, fita. Kada ka shiga kai kaɗai.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya. Kalli hancin shak, kalli bakin da ke ƙasansa. Cikin ruwa hannu ba ya da sauri, kuma in ka kuskure kaɗan, ka miƙa masa hannunka da kanka. Wallahi wannan shawarar ta naushin hanci tana tayar mini da hankali duk lokacin da na ji ta.

In ka hango shi, tukuna ba faɗa ba ne. Ɗauke hannu da ƙafa ka ɗora kan allonka na hawan igiyar ruwa. Kada ka juya masa baya, kada ka riƙa facal-facal, domin haka kifi mai rauni yake yi. Ka tuƙa a hankali zuwa gaɓa, kana sanar da na kusa da kai. In ka faɗo ruwa, allon ya zama garkuwa tsakaninku.

Sai in ya kama ka ne za ka kai duka, a ido ko a tsagogin gefen wuyansa inda yake numfashi. Kada ka yi kamar ka mutu.

Zubar jini ce ke yawan kashe wanda aka ciza. Igiyar da ke ɗaure allo da ƙafarka, kwance ta, a ɗaure ta tamau sama da raunin, a matse wurin, a kira motar asibiti.