Sanda, inuwa da bidon: laccar da aka yi wa malaman lakol a Damagaram

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena malamai, ina gaishe ku da zama cikin wannan zafi, Allah ya ba da lada.

Kukan da nake ji kullum shi ne ba mu da laboratuwar, ba mu da kayan aiki, yaya za mu koyar da kimiyya? Gaskiya ne babu, amma ni tambayata ita ce, ranar nan da ke gasa mu wa ya hana mu aiki da ita? Yaro ya haddace cewa kewayen duniya kilomita 40.000 ne, ya zuba a takarda ranar jarrabawa ya samu makinsa, ka ce masa yaya aka yi aka sani, sai ya sunkuyar da kai. To a filin lakol ɗinku za ku iya auna shi, ko dala ba za ku kashe ba.

Wani masani Bagirke da ya zauna a Masar, Eratostin, shi ya yi wannan awo fiye da shekara 2200 da suka wuce. Ya ji labari cewa a garin da yanzu ake kira Aswan akwai ranar da in rana ta take, haskenta har gindin rijiya yake sauka, tsayayyen abu ba ya da inuwa. A wannan ranar kuma a Iskandariyya inuwa tana nan, ya auna karkatarta ya samu kashi 1 cikin 50 na da'ira, wato digiri 7,2. Sai ya ce to ai tazarar garuruwan biyu ita ma kashi 1 cikin 50 ce na kewayen duniya. Shi ke nan fa.

Mu nan mun yi sa'a, abin da aka gani a Aswan yana faruwa a kanmu. Zinder tana kan digiri 13,8 arewa da layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, saboda haka sau biyu a shekara rana tana bi ta tsakiyar kanmu daidai, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Na Agusta ku manta da shi, ga hadari ga yara suna hutu suna gona. Na Afrilu shi ne namu. Ku kafa sanda a wuri mai lebur, ku ɗaura dutse a zare ku sake shi kusa da ita irin yadda magina ke yi don ku tabbatar ta miƙe cak, in ta karkata ko kaɗan aikin ya lalace. Kuma kar ku dogara da agogo, zawali a nan ba ƙarfe 12 daidai ba ne, yana kaiwa 12 da minti ashirin da wani abu, don agogon ƙasarmu an saita shi ne da lokacin wani wuri da ke gabas da mu. Ku sa yara su riƙa sa alama a bakin inuwar duk bayan minti biyar, su da kansu za su ga tana gajarta har ta shige ƙarƙashin sandar. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare su, malaman zaure da inuwa suke gane shigar azahar da la'asar tun kafin agogo ya zo.

Sai ku nemi wani malami a Kano ku yi waya, wa ke nan da ba shi da ɗan uwa a Kano? Kano tana kudu da mu kusan a miƙe, tazarar kamar kilomita 200 in ba ta hanyar mota aka bi ba. A ranar da tamu inuwar ta ɓace, shi sandarsa mai mita 1 za ta ba shi inuwa wajen santimita 3, tana kallon kudu. Wannan digiri 1,8 ke nan. Ku raba 360 da 1,8, ya ba ku 200. 200 sau kilomita 200, nawa ke nan? Yawwa, na ji wata malama ta faɗa, 40.000. Santimita 3 ƙarama ce, in an samu ƙarfe mai mita 3 ya fi. Kuma yara ba za su samu 40.000 cif ba, wani rukuni zai samu sama wani ƙasa, don Allah kar ku goge musu ku rubuta na littafi. Ku tambaye su ina kuskuren ya shigo, sandar ce, ko lokacin ne, ko regil ɗin da aka yi awon da shi? Ni a ganina gardamar da za su yi a nan ta fi amsar kanta amfani.

Na biyu ruwa, mu da muka san wahalarsa a garin nan da ke zaune kan dutse. Milimita 1 na ruwan sama a kan mita murabba'i 1, lita 1 ce. Ɗaki mai rufin kwano mita 4 a mita 5, aka yi ruwa milimita 20, lita 400 ta zuba ta indararo, bidon 16 ke nan na lita 25. Amma kar ku faɗa musu, ku bari kowa ya yi cinke ya rubuta a allonsa, sannan su auna rufin ajin su yi lissafi. Yarinyar da ke bin layin famfo da asuba ba sai an roƙe ta ta saurara ba.

Randa ma haka. Me ya sa ruwanta ya fi na bidon sanyi? Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, yana bushewa, yana tafiya da zafin. Da wannan dabarar wani malami daga Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don ajiye kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ku sa tumatir ɗaya ciki ɗaya waje, yara su riƙa dubawa kullum suna rubutawa. In za ku yi, ku yi da rani, da damina iska ta jiƙe ba ta shan ruwa sosai, sanyin ba zai fito ba.

Na ga mushe, wato wani malami, can baya yana ɗaga hannu, na san maganar yawan yara ce a aji. Ku raba su biyar biyar, mai riƙe zare, mai sa alama, mai awo, mai rubutu, mai duba agogo, gobe a yi musanya, kuma 'yan mata su riƙe regil, kar a bar su da rubutu kawai. To bismillah mushe, muna jin ka.