Azumina a Gwandu, a ɗakin masu sanƙarau

Assalamu alaikum 'yan uwa na Dogon Dutsi ta ƙasar Nijar da sauran masu kallo. Ina magana ne daga Gwandu ta jihar Kabi, garin da hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, inda aikin jinya ya kawo ni saboda annobar sanƙarau da ta ɓulla a nan da Jega da Aliero cikin wannan azumi na 2025.

Abin da ya sa na kunna kyamara shi ne waɗannan kwanuka da kuke gani. Kunun tsamiya ne da ƙosai da fura, har da ƙanƙarar da ni kaina sai na ba da naira 500 kafin in samu. Wadda ta aiko su uwa ce da ɗanta ke kwance a ciki, wuyansa a sandare. Na ce mata, "Inna, ai ku ne abin tausayi." Ta ce, "'Yata, baƙo ba ya buɗa baki da ruwa zalla a garinmu." Wallahi sai da na yi hawaye.

To, amma wannan zumunci ne kuma yake hana ni barci. Da an ji an kwantar da yaro, sai dangi su cika ɗaki don dubiya, alhali cutar ta numfashi da tari take yaɗuwa, kuma zafi da ƙura da cunkoso ne lokacinta. Mu mutanen jihar Doso ta Nijar mun ɗanɗana kuɗarmu da wannan cuta a 2015, shi ya sa ba na sanya wajen korar jama'a, ko da za a ce 'yar Nijar ɗin nan ba ta da kara. Da tsawata ta gaza, mai unguwa muka je muka gaida, ya sa liman ya yi bayani bayan sallar tarawihi, har ya warware wa masu tsoro cewa allurar rigakafi ba ta karya azumi. Washegari 'yan dubiya suka koma gindin bishiya, a waje.

Rigakafin nan mai kare nau'i biyar na ƙwayar cutar, Najeriya ce ta fara amfani da shi a duniya a 2024, kuma na yaba musu ƙwarai, ko da yake ina kewar kopton gidanmu, wato kwaɗon zogale, duk sa'ad da aka kira magariba.

Gargaɗina ga duk mai ɗa: idan zazzaɓi mai zafi ya zo da ciwon kai da amai, wuya ya ƙage, ko madigar jariri ta kumbura, kada ku tsaya a kemis kuna maganin zazzaɓin cizon sauro. Na ga yaron da aka kawo a makare, ya tashi, amma ya kurumce. Idan kuma an ce za a ɗebi ruwan ƙashin baya don gwaji, ku yarda, da hannuna nake riƙe yaran har a gama.