A-kori-kura: Lodi, Taya, Birki da Sauransu

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. A ɗan rage wannan lasifikar, tana yi mini kuwwa a kunne. Yauwa.

Abubuwa biyar na rubuto a kan a-kori-kura: lodi, taya, birki, kula da inji, sai ɗaukar mutane. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, in lokaci ya bar mu.

Na farko lodi. Ku buɗe ƙofar direba, ku duba jikin ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kansa. Akwai 'yar takarda ko ƙaramin farantin ƙarfe a manne, a wasu motocin kuma sai an ɗaga bonet ake ganinsa. A nan kamfani ya rubuta iyakar nauyin da motar za ta kai, ita da duk abin da ke kanta. Ka cire nauyin motar ita kaɗai daga wannan lambar, abin da ya saura shi ne lodinka. Matsakaiciyar a-kori-kura, irin su Hilux da sa'o'inta, abin yakan tsaya wajen tan 1, wato kilo 1,000, wata ta ɗan haura, wata ta ɗan gaza. To ga inda ake tafka kuskuren. Wannan kilo 1,000 ɗin ba na bodi kaɗai ba ne. Kai direba kana ciki. Mutum huɗun da ka zuba a kujeru suna ciki. In kowannenku kilo 70 ne, ku biyar kun cinye 350 tun ba a ɗora ko tsinke a baya ba. Akwatin kayan aiki, ƙarafan da aka yi wa walda a bodi, rumfar da aka ɗora, duk a cikin wannan lissafin suke ci. Saura 650 ke nan, in ma ba ka ƙara mata komai ba. Buhun siminti kilo 50 ne. Ku raba mini. Sha uku, ko? Buhu 13. Na ga wani bawan Allah yana murmushi a can, da alama ya saba ɗora talatin. (dariya)

An ce ido ba mudu ba, ya san ƙima. To a kan yashi dai ido bai san komai ba. Bodin matsakaiciyar a-kori-kura yakan ci kusan mita 1 tsawo, faɗi da zurfi, in ka lissafa cikinsa. Busasshen yashi mai wannan yawan ya kai kilo 1,600, jiƙaƙƙe kuwa yana kusantar 2,000. Ke nan wanda ya cika bodi fal da jiƙaƙƙen yashi ya ninka abin da aka yi motar dominsa, shi kuma a ganinsa bai ma yi tozo ba. Ruwa ma haka. Lita 1 kilo 1 ce. Durom biyar masu lita 200 sun ba ka tan guda, ban da nauyin duromomin. Ruwa kuma yana da wata muguntar: tankin da yake rabi ya fi cikakke haɗari, domin ruwan yana kai-kawo a ciki. Ka taka birki, motar ta tsaya, sai ruwan ya zo ya bugi gaban tanki ya tura ka gaba. Ka sha kwana, ya taru gefe guda. Ko dai a cika tankin, in nauyinsa bai wuce ƙa'ida ba, ko a tafi da shi wayam.

Ina nan dai a kan lodi, ku yi haƙuri, nan ne jigon maganar. Nauyi ɗaya ne, inda ka ajiye shi kuma daban. Ku ɗauki aksul na baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, kamar tsakiyar sikeli. Duk abin da ka ɗora a bayansa, wajen ƙofar bodi, yana danne baya yana ɗaga gaba. Tayoyin gaba su ne ke juya motar, su ne kuma ke ɗaukar mafi yawan aikin birki. In ka rage musu nauyi, sitiyari zai yi sakayau a hannunka kamar ba a haɗe yake da komai ba, ka juya mota ta ƙi bin ka. Da dare kuma fitilunka sama za su riƙa kallo, kana haska rassan itatuwa kana kashe wa mai zuwa ido. Saboda haka kaya mai nauyi a matsa da shi gaba, ya jingina da bangon da ke bayan direba, ya zauna a ƙasa, a tsakiya, dama da hagu su yi daidai. Mara nauyi shi ke hawa sama. A-kori-kura da ma can ta fi ƙaramar mota tsayi, duk abin da ka ƙara mata a sama ƙara mata saurin kifewa kake yi a kwana.

Yaya za ka gane ka wuce gona da iri in babu sikeli? Tsuguna ka leƙa. Tsakanin aksul da ƙarfen shasi akwai wata roba mai kauri. In ka ga aksul ya kusa taɓa ta, ko ya zauna a kanta, sifirin ya gama aikinsa, babu sauran wurin lotsawa. Daga nan duk ramin da ka faɗa, shasi da taya ne ke shan bugun kai tsaye. Ka dubi ganyayyakin sifirin ɗin ma: in sun miƙe sambal, ko sun fara lanƙwasowa ta ƙasa, sauke kaya.

Ɗauri. Kada wanda ya ce mini kayan na da nauyi, ba za su motsa ba. Suna motsawa. Ƙa'idar ɗaure kaya da ake bi a Turai da Amurka ta ce ɗaurin ya iya riƙe kashi 80 cikin 100 na nauyin kayan ta gaba, rabin nauyin kuma ta gefe da ta baya. Janareta mai kilo 200, in ka taka birkin gaggawa, da ƙarfin kilo 160 zai nufo ƙeyarka. A samu bel ɗin ɗauri mai ƙugiya da abin tamkewa, a maƙala shi a zobban da aka tanada a bodi, a bar maƙalawa a gefen kwano. Inda bel ya bi ta kaifin ƙarfe a sa masa kwali ko tsohuwar roba. Ka yi tafiyar 'yan kilomita, ka tsaya ka sake tamkewa, don kaya sukan zauna ɗaurin ya saki. Rodi ko katakon da ya zarce bodi a ɗaura masa jan ƙyalle.

Na uku... a'a, na biyu ko? To, taya. Iska ana auna ta ne da safe, taya na sanyi. Lambar da za ka bi tana jikin wannan takardar ta ƙofa, kuma sau da yawa lamba biyu ce ga tayoyin baya, ta mota wayam da ta mota da lodi. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Ƙarancin iska da nauyi in suka haɗu, gefen taya yana ta lanƙwasawa yana zafi har ta fashe. Ku duba lambar nauyi a gefenta, bayan lambar girma: 100 na nufin kilo 800, 104 kilo 900, 112 kilo 1,120. Kada a sa wa a-kori-kura tayar da lambarta ta gaza wadda kamfani ya rubuta. Akwai kuma lambobi huɗu na shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Zurfin zanen taya in ya sauko zuwa milimita 1.6 ta gama. Safaya ma a riƙa auna ta, tana can ƙarƙashin bodi an manta da ita sai ranar tsiya.

Abin da mutane ba sa tsammani: a-kori-kura wayam ma tana da nata halin. Tayoyin baya ke tura ta, bayan kuma ba nauyi. Ruwan sama ya sauka, ka danna totur a kwana, sai gindin ya zame ya nemi wuce ka. A hankali ake shiga kwana, a hankali ake fita. Mai fowil kuma, wato motar da tayoyinta huɗu ke iya ja, kada ya sa 4H, giyar da ke haɗa tayoyin gaba da na baya, a busasshiyar kwalta in motarsa irin wadda ake sawa ana cirewa ce, domin gaba da baya a kulle suke tare, a kwana sai su yi ta murɗe juna har wani abu ya karye. Na laka ne da yashi. 4L kuwa, giyar fowil mai ƙarfi ta tafiya a hankali, sai an tsaya an sa giya a firi.

Kai, lokaci ya tafi. Birki da sauri. In ka ninka gudu, nisan tsayawa sau huɗu yake ƙaruwa, ga kuma lodi. A gangare mai tsawo sauko da giya tun daga sama, inji ya riƙe motar. In ka kwanta a kan birki zai yi zafi, ka ji wari, ka taka ka ji ba ya ci. Man birki yana shan danshi, a canza shi duk shekara 2.

Inji: baƙin mai da filta a kan kilomitar da littafin motar ya faɗa, mai aikin ƙura da lodi ya bi gajeren zangon. Mai dizal ya riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan filtar mai. Mai inji mai tabo (turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) ya bar inji ya yi minti ɗaya yana aiki mota na tsaye kafin ya kashe, in ya sha doguwar tafiya. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi. Kada a shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, a kafa mata wani abu, a kuma tokare taya. An sauya taya, a sake ɗaure notina bayan kilomita 50 zuwa 100.

Na huɗu, ko na biyar ne, ɗaukar mutane. Bodi ba shi da bel, ba shi da rufi, birki ɗaya ko rami ɗaya ya isa ya wurgo mutum. In kuma an rufe shi da rumfa, hayaƙin salansa yana iya taruwa a ciki, gubar da ke cikinsa kuwa ba ta da wari, mutum barci kawai zai ji... Na'am? Akwai tambaya? Miƙa masa abin maganar.

(Mai tambaya: Malam, Allah ya ƙara basira. To idan aka ƙara wa sifirin ganye biyu ko uku fa, ai motar ta daina zama. Ba shi ke nan an ƙara mata ƙarfin lodi ba?)

Amin, na gode, Alhaji. Ka ga ka mayar da ni inda nake so. (dariya) Gaskiya ne za ta daina zama. Amma me ka canza? Sifirin kaɗai. Birkin nan shi ne na da. Aksul shi ne na da, boris ɗin cikinsa shi ne na da, taya tana nan da lambarta, kulocin ma bai san an yi wani gyara ba. Zaman da motar ke yi shi ne bakinta, da shi take gaya maka kaya sun yi yawa. Ka ƙara ganye ka toshe mata baki, nauyin kuma ya koma kan abin da ba ya lotsawa. Shi ya sa za ka ga shasi ya tsage ko ya lanƙwashe daidai tsakanin kan mota da bodi, musamman mai ƙofa huɗu, wadda yawancin bodinta a kan aksul yake ko a bayansa. Wayam kuma sai ta riƙa tsalle kamar akuya, tayar baya na barin ƙasa a kan gargada. In sifirinka ya gaji, a sa sabo irin nasa, a sauya ƙarafan nan masu kamar lauje da ke ɗaure shi da aksul, a sake ɗaure su bayan an ɗan yi tafiya. In kuwa kullum kayanka tan 2 ne, Alhaji, sawu biyu za ka yi, ko ka nemi babbar mota. Ƙaramar tirelar da ake maƙala wa mota a baya ma mafita ce, amma ka tuna nauyin da bakinta ke ɗorawa a kan ƙugiya, wajen kashi 10 cikin 100 na nauyinta, daga cikin wancan kilo 1,000 ɗin ake cire shi, kuma a can ƙarshen baya yake zama, inda na ce kada a ɗora nauyi. Akwai wani hannu a can gefe? An ce lokaci ya ƙare. To ka same ni a waje, mu tsuguna mu leƙa robar taka.