Farautar agwagwa a fadamun Misisipi

To jama'a, assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Madalla. Abu uku zan taɓo, agwagwar, ruwan, sai doka.

Agwagwar nan baƙuwa ce. Can arewa take ƙyanƙyasa, Kanada da jihohin Dakota na Amurka, sanyi na kamawa ruwa ya daskare sai ta biyo kogin Misisipi ta gangaro kudu. Wadda maharba suka fi so malad ce, namijinta koren kai gare shi.

Na biyu ruwa, nan kam sai kun yi haƙuri dani. A jihar Arkansas ta Amurka akwai ɗan gari Stuttgart, garin manoman shinkafa, tun 1936 suke gasar busa ta kiran agwagwa. Wallahi gasa sosai, wani in ya busa ita kanta agwagwar sai ta waiga! To kusa da su akwai fadamun kogin White, daji ne na wani itace da suke ce wa ok. Da hunturu kogi ya cika ya malala cikin dajin, 'ya'yan itacen sun zube, agwagwa ta riƙa saukowa ta tsakanin rassa tana tsinta. Ita malad ba ta nutso, kai kawai take tsomawa jela a sama, shi yasa ruwan in ya yi zurfi bai amfane ta ba. Maharbi tun asuba yana jingine da itace cikin ruwan sanyi, yana kaɗa ruwa da ƙafa don agwagin roba da ya zuba na yaudarar na gaske su motsa.

Sai mutane suka ga ai abin da daɗi, suka yi shinge suna tare ruwa da kansu kowace shekara, su tare da wuri su saki a makare. Itacen nan yana jure ruwa lokacin da yake barcin hunturu, amma in ya fara toho saiwarsa na cikin ruwa, a hankali mutuwa yake. Ruwan sai ya zo ya tafi. Ku riƙe wannan, sai ya zo, ya tafi. Abin na ci min rai, son agwagwa ya sa ana kashe itacen da ke ciyar da ita.

Na huɗu... au na uku ko? Doka. Tun 1934 maharbi sai ya sayi kan sarki na agwagwa, yanzu dala 25, da kuɗin ake sayen fadama. Bindiga kar ta ɗauki harsashi fiye da 3.

Na'am malam? Harsashin dalma? Yauwa, gara da ka tuna min. Ƙwayoyin da suka kuskure suna nutsewa cikin laka, agwagwa ta haɗiye tana zaton tsakuwa ce, ƙundunta ya niƙe, gubar ta shiga jini. Ba a harbe ta ba, amma ta rame ta mutu cikin ciyawa. A 1991 aka hana shi a farautar tsuntsayen ruwa duk faɗin Amurka, yawanci na ƙarfe ake sawa yanzu. Akwai wani hannu a can, bismillah.