Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishina a Bikin Karrama Zaƙaƙuran Ɗaliban Fiziks

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma babban baƙonmu, Kwamishina, shugaban jami'a da mataimakansa, magatakarda, shugabannin tsangayoyi, iyayenmu sarakuna, malamai 'yan uwana, iyayen ɗalibai maza da mata, da ku 'ya'yanmu da muka taru dominku.

Yallaɓai, a madadin sashen fiziks, malamansa da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwajensa da ɗalibansa, ina yi maka barka da zuwa. Mun san yawan ayyukan da ke gabanka, amma ka ajiye su ka tako da ƙafarka. Katsina ɗakin kara ce, baƙo ba ya rasa shimfiɗa, balle kai da ka zo gida. Sannu da hanya, Allah ya saka da alheri.

Yaran da ke zaune a sahun gaba su ne dalilin taronmu. Shekara huɗu muna tare da su. Mun gan su suna kwana kan lissafin da zai cika shafi uku kafin a ga ƙarshensa. Mun gan su suna maimaita gwaji ɗaya sau biyar don wuta ta ɗauke ana tsakiyar awo, su jira ta dawo, su sake daga farko ba tare da gunaguni ba. A cikinsu akwai 'yan mata, kuma ina roƙon a tafa wa iyayensu daban, domin mun san irin maganganun da suka toshe kunne daga gare su kafin 'ya'yansu su kai yau.

Ranka ya daɗe, sau da yawa akan ce mana wannan fanni na Turawa ne, mu aro muka yi. Duk lokacin da na ji haka, sai in tura mutum ya je ya tsaya gindin hasumiyar Gobarau, ya tuna cewa garin nan ya yi ɗaruruwan shekaru yana tara masu neman ilimi, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Daga ƙasar nan Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi ya tashi, masanin lissafi da taurari, ya yi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira. A shekarar 1732 ya rubuta littafi kan hanyoyin tsara lambobi a cikin murabba'i, irin hatimin da muka sani, yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. A can ya rasu a 1741, kuma har yau masu tarihin lissafi na ambaton sunansa da sunan garinsa. A wannan birni na Alƙahira kuma, kusan shekara 700 kafin shi, masani Ibn al-Haisam ya tabbatar ta hanyar gwaji cewa haske ne ke shiga ido mutum ya gani. Darasin haske da muke koyarwa a aji ɗaya daga nan ya samo tushe. Saboda haka waɗannan yara gadon gidansu suka ɗauka.

Kuma ilimin nasu yana da aiki a ƙofar gida. Kafin a haƙa rijiyar burtsatse a ƙauye, wanda ya san aikinsa yakan kafa ƙarafa a ƙasa, ya tura wutar lantarki, ya auna yadda ƙasar ke tare ta, daga nan ya gane inda ruwa yake da zurfinsa. Fiziks ke nan, kuma shi ke raba kuɗin al'umma da ramin da ba ruwa. Farantan sola da suka cika rufin shaguna da asibitocinmu suna aiki ne da yadda haske ke zaburar da lantarki a jikin wasu sinadarai, bayanin da ya ba Einstein kyautar Nobel ta 1921. Injinan iska na Lambar Rimi a nan jihar Katsina, da aka tsara su ba da wutar lantarki megawat 10, suna buƙatar masu fahimtar iska da maganaɗisu. A Zariya, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana gudanar da na'urar nukiliya ta bincike tun 2004. Masu cutar daji da ake gasa wa ƙari da haske mai ƙarfi, masanin fiziks ne ke auna musu adadin da zai kashe cutar ya bar mutum.

To, Yallaɓai, ga abin da ke damunmu, kuma gaban uba ake faɗin damuwa. Idan muka miƙa wa yaro lambar yabo yau, ya tafi bautar ƙasa, ya dawo bai sami inda zai ci gaba ba, bayan shekara biyu sai mu tarar da shi yana wata sana'ar da ba ta buƙatar ko ɗaya daga abin da ya sha wahala a kansa. Sana'a ba abin kunya ba ce, amma asarar tamu ce. Roƙonmu biyu ne. A ba waɗanda suka fi hazaƙa tallafin karatun digiri na biyu da na uku, da sharaɗin su dawo su koyar, ko a nan ko a makarantun sakandarenmu da ke kukan rashin malaman kimiyya. Sannan a taimaka mana da kayan ɗakin gwaje-gwaje da wutar sola da za ta riƙe su, domin yaro ya taɓa na'ura da hannunsa kafin ya karɓi shaidar kammalawa.

Mun shirya maka ɗan zagaye bayan taro, ɗaliban da kansu za su nuna maka ayyukan da suka yi na shekarar ƙarshe. Ka tambaye su duk abin da ka ga dama, za su amsa.

Yanzu kuma, da izinin shugaban jami'a, ina gayyatar Mai girma Kwamishina ya taso ya miƙa lambobin da hannunsa. Allah ya maida kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.