Yadda muke ɗaura kyamarar tarko a dajin Yankari

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya, barkanmu da sanyi. Ku yi haƙuri da ƙarar iskar nan da take shiga makirufo, hunturu ne, babu yadda za mu yi da shi. Yau muna cikin daji, ba nisa da kogin Gaji. Ba zan faɗi takamaiman wurin ba, kuma ƙanena da yake riƙe da waya na riga na gaya masa kada ya ɗauko dutsen can na bayanmu. Za ku ji dalili nan gaba.

To, waɗanda suka yi ta tambaya a kan kyamarar tarko, wato wadda ake ɗaurawa a daji ta riƙa ɗaukar hoton dabbobi da kanta in ta ji motsi, musamman sababbin ma'aikata da ɗaliban da ake turo mana koyon aiki, ga ta nan. Na ɗauka kowa ya zo da kayansa: kyamara, batir, katin memori, GPS, adda, littafi da biro. Yadda ake ɗaukar lambar wuri da GPS ba zan tsaya a kai ba, duk wanda ya taɓa fita sintiri ya iya.

Kafin ka taɓa kyamara, ƙasa za ka fara dubawa. Matso nan, ƙanena, sauko da wayar ƙasa. Kun ga wannan turba? Ba mutum ne ya yi ta ba. Ga kofaton ɓauna, mai faɗi kamar na sa. Wannan mai tsini na gwanki ne... a'a, tsaya, ya yi ƙanƙanta da gwanki, gwambaza ce, dama ita ba ta nisa da ruwa. Ga kuma kashin giwa can, ya bushe, ya kwana biyu. Duk suna bi ta nan ne su gangara mashaya. Yankari murabba'in kilomita 2,244 ne, in ka ɗaura kyamara a inda ka ga dama kawai don wurin yana da inuwa, sai ka yi wata guda ba ka samu ko zabo ba. Amma da rani ruwa yana janyewa, komai sai ya taru a bakin Gaji. Saboda haka turbar mashaya, ko inda turba biyu suka haɗu, nan ne wurinka.

Bishiya kuma, ni na fi son marke ko ƙirya, wadda ta yi kauri kamar cinyar mutum ko ta fi. Siririya iska tana kaɗa ta, kyamara ta yi ta ɗaukar banza. Wadda ta yi kauri da yawa, irin kuka, igiyarka ba za ta zagaye ta ba. Kuma ka ɗaga kai ka duba: in ka ga ɓawon ya goge, ya yi sumul da busasshen taɓo a jiki, giwa ce take susa a wurin. Bar mata bishiyarta, nemi wata. Wannan marken ya yi, tsakaninsa da turba taku 5 ne, wato wajen mita 4.

Sai mu buɗe kyamarar. Batir 8 take ci, irin na tocila ƙanana. Kada ka haɗa sabo da tsoho, kada ka haɗa iri biyu. In da hali a sa na litiyom, sun fi jure zafi kuma sun fi daɗewa, sai dai tsada. Masu caji ma suna yi, amma ka shiga ciki ka gaya mata irin batirin da ka sa in tana da wurin zaɓa, in ba haka ba sai ta riƙa nuna maka ya kusa ƙarewa alhali cike yake. Memori ka goge shi a cikin kyamarar kanta, ba a kwamfuta ba. Shi ke nan, wannan ba wani abu ba ne.

Makunnin yana da matsayi uku: kashewa, saiti, kunnawa. Mu kai shi tsakiya. Yauwa, allo ya kawo.

To a nan nake so kowa ya natsu, don a nan ne ake ɓata aikin wata guda cikin minti ɗaya. Kwanan wata da lokaci. Yawancin kyamarorin nan don kasuwar Amurka aka yi su, su kuma can wata suke fara rubutawa, sannan rana, sannan shekara. Mu rana muke fara sawa. In ka ga 03/04 a ƙasan hoto, kai za ka karanta 3 ga Afrilu, ita kuwa tana nufin 4 ga Maris. In ranar ta wuce 12 da sauƙi, za ka gane da kanka, tun da babu wata na 13. Amma daga 1 zuwa 12 ga wata, babu abin da zai nuna maka ka yi kuskure. Lambobin za su zauna daram kamar daidai suke. Na biyu, agogon. Wasu suna da awa 24, wasu awa 12 da ɗan harafi a gefe mai nuna safe ko yamma. Harafin nan ƙarami ne, ga rana tana haska allo, ga ƙudan tsando yana cizonka a wuya, ba ka ko lura da shi. In tana da awa 24, zaɓi shi ka huta. Na uku, wasu in ka cire batir ka daɗe ba ka mayar ba, agogon yana komawa ranar da aka ƙera ta. Saboda haka duk lokacin da ka canza batir, ka sake duba kwanan wata. Duk lokaci, ba wani lokaci ba.

Bari in gaya muku abin da ya sa nake nanata wannan. Wata shekara kyamarori biyu da na ɗaura suka ɗauki zaki, namiji, a rana ɗaya, kuma akwai tazara mai yawa tsakaninsu. Ɗaya ta kama gefen dama, ɗaya ta kama bayansa yana tafiya, babu fuska balle a ƙirga ɗigon gashin baki ko a duba tabo. Abin da zai raba gardama shi ne lokaci: in awa 12 ce tsakani, zaki ɗaya zai iya takawa, in minti kaɗan ne, to zakuna biyu ne. Da muka duba, sai ga shi ɗaya daga cikin kyamarorin tana nuna ƙarfe 2 na dare a hoton da rana take tsaka. Agogon ya juye, kuma ban rubuta a littafi lokacin da na ɗaura ta ba balle a gyara lissafi. Wallahi abin ya tsaya mini a rai har yau. Zakin Afirka ta Yamma ya kusa ƙarewa a duniya, a Najeriya kaf Yankari da Kainji ne ake maganar ya rage. A wurin da suke 'yan tsiraru haka, bambancin ɗaya da biyu babban labari ne.

Tun daga ranar ga abin da nake yi. Lokaci daga GPS nake ɗauka, ba daga agogon hannu ba. Sannan in rubuta a takarda da manyan haruffa: lambar kyamara, kwanan wata da sunan watan a rubuce, Janairu, ba 01 ba, da lokaci. In na kunna, sai in tsaya a gabanta da takardar ta ɗauke ni. Ranar da na zo cirewa in sake yin haka. Ko agogonta ya ɓace a tsakani, hoton farko da na ƙarshe za su nuna da nawa ya ɓace.

Sauran saitin da sauri: hoto ba bidiyo ba, bidiyo yana cinye batir da memori. Hoto 3 a jere duk lokacin da ta ji motsi. Tazara tsakanin ɗauka da ɗauka ka rage ta sosai, don garken giwa in ya zo kana so ka ƙirga har 'ya'yan da ke baya. Ƙarfin ji kuma, yanzu da sanyi ka bar shi a tsakiya. Idon nan nata zafin jiki yake ji tare da motsi, to in bazara ta shigo, Maris da Afrilu, iska kanta ta yi zafi kusan kamar jikin dabba, sai ta daina bambancewa. Lokacin sai ka ɗaga shi sama.

Miƙo mini akwatin. Wannan akwatin ƙarfen wani mai walda a cikin garin Bauchi ya yi mana shi, kuma ina gaya muku ya fi wasu na waje da na gani ƙwari. Duk mai kyamara ya kai wa mai walda ita ya auna, kuɗin bai kai na batir na wata biyu ba a ganina. Ka ce ya bar ramin ido da faɗi, ya huda ƙasa don ruwa ya tsiyaye, ya shafa fenti marar ƙyalli. Kura tana tauna roba kamar ƙashi. Gwaggon biri kuwa in ya ga abu sabo sai ya murɗa shi ya ga cikinsa. Shi ya sa ba a cin abinci sannan a taɓa kyamara. In ka ci kilishi ko ƙuli-ƙuli ka wanke hannu, turare ma a bar shi a gida.

Tsawo, daidai gwiwa, wajen santimita 50. A nan za ka samu gada da gadu da beguwa, ka samu zaki, giwa kuma ƙafafu da hanci. Kar ta kalli gabas ko yamma, fitowar rana da faɗuwarta suna wanke hoto kuma suna ruɗa idon. Arewa ko kudu. Kuma kada ta fuskanci turba kai tsaye ta gefe, don dabba mai sauri za ta wuce ka samu wutsiya kawai. Karkata ta kaɗan, ta riƙa ganin abu tun yana tahowa.

Bari in ɗaure... a'a, ta kalli sama da yawa, bishiyar ta ɗan jingina baya. Ba ni ɗan itacen can. Sai ka cusa shi ta bayan akwatin daga sama, ka ga ta sunkuyo. Madalla. Kwaɗo a ƙarshe.

Ciyawar gaba duk a share, ba da yawa ba yadda wurin zai zama fili kowa ya gane an yi aiki, waɗanda iska za ta kaɗa a gaban ido kawai. Gamba guda ɗaya da rana ta gasa tana iya cika maka memori da dubban hotuna. Nan an riga an yi ƙunan farko tun ƙarshen kaka, lokacin ciyawa tana da sauran danshi wuta ba ta cin bishiya, shi ya sa kuka ga sabon tsiro. In ba a ƙona wurin ba tukuna, kada ka ɗaura, ko ka share kewayen bishiyar sosai.

Dalilin da na hana a nuna dutsen can. Kyamarar nan ba dabba kaɗai take ɗauka ba. Tana ɗaukar mafarauci da bindigarsa, tana ɗaukar mai ɗana tarkon waya, tana ɗaukar shanun da aka shigo da su kiwo. Shi ya sa muke son irin wadda fitilarta ba ta haske da dare. In ka samu hoton mutum, shugaban sintiri za ka kai wa, ba WhatsApp ba. Hoton giwa mai haure ma kada ka sa a Facebook da sunan wuri ko ranar da aka ɗauka. Giwayen nan suna cikin garkunan ƙarshe da suka rage a ƙasar nan, kuma 'yan uwanmu masu sintiri sun rasa rayukansu a dajin nan wajen kare su. Allah Ya jiƙansu. Tun 2006 da dajin ya dawo hannun gwamnatin jihar Bauchi daga tarayya, amanar a wuyanmu take, tare da ƙungiyar kare namun daji ta WCS da ta shigo daga baya tana tallafa wa sintiri.

Amma akwai inda nake nuna hotunan da farin ciki, wato sansanin Wikki, masaukin baƙi. Baƙo ya shigo ta ƙofar Mainamaji, ya yi tafiyar kilomita 40 da 'yan kai, ya hau motar zagaye, ya dawo yana cewa, malam, ina zakin? Sai in buɗe waya in nuna masa. 'Yan makaranta kuwa har rige-rige suke, yaron da bai taɓa ganin dabgi ba sai a karin magana ya gan shi yana tonon gara da tsakar dare. Ku zo, jama'a, ku kawo iyali. Tun 1962 ake karɓar baƙi a nan. Daga yanzu zuwa Afrilu shi ne lokacin ganin dabbobi. Ruwan Wikki garau yake har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, da sanyin nan in ka shiga ba ka son fita. Ga kogwannin Marshall waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse, ga tsofaffin matoyan ƙarfe. Roƙona ɗaya, kada ku ba gwaggon biri abinci, kuma ku rufe ƙofar ɗaki da gilashin mota. Wanda aka saba masa da biskit, gobe jakar wata baiwar Allah zai fizge.

To, mu gwada. Akwai wurin gwaji a saiti, ɗan jan haske yana ƙiftawa in ta gan ka. Ƙanena, ba ni wayar, je ka bi turbar. A'a, ba a tsaye ba, rarrafa, kai ne gadu yanzu. Dawo baya kaɗan. Yauwa, ta gan ka tun daga kututturen can, haka nake so.

Sai in tura makunni sama, tana ba da 'yan daƙiƙu kafin ta fara. Ga takardata, na tsaya, ta ɗauka. Na rufe, na sa kwaɗo. Lambar wuri a littafi, da sunan bishiya, da inda ta fuskanta, da lokaci. Ɗauko reshen can ka share sawunmu, kuma ba ta inda muka shigo za mu fita ba. Nan da mako 3 ko 4 in Allah Ya kai mu za mu dawo mu buɗe memorin tare. Tattara ɓawon batirin nan ka sa a jaka, mu tafi, akwai guda biyu da suka rage kafin rana ta yi zafi. Sai an jima.