Ciwon da ba ya fid da jini

An naɗi wannan lacca, kan ciwon da aiki ke jawo wa jiki a hankali da dokar diyyarsa, a wani taron masu sana'a a cikin garin Gombe. Mai jawabin ma'aikacin sashen gashin ƙashi ne a asibiti. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena shugabannin ƙungiyoyi, iyaye mata da ke can baya, ƙannena masu koyon sana'a, barkanku da yamma. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Kowa ya ɗaga hannun da yake neman abinci da shi. Ku taɓa babban yatsa, da manuni, da na tsakiya. Duk wanda waɗannan yatsu uku suka taɓa tashinsa cikin dare, ya ji sun sage, kamar ana tsira masa allura, har sai da ya yarfa hannun kafin ya koma barci, kada ya sauke. Sauran ku sauke. To ku waiwaya ku gani. Baba, kai ma? Allah ya ƙara lafiya.

Bara aka turo mana wata baiwar Allah, mai buga takardu ce a wani shagon kwamfuta. Lokacin da ɗalibai ke rububin buga furojet, tun ƙarfe takwas na safe take zama, sai bayan isha'i ta tashi. Benci ne take zama a kai, babu wurin jingina. Teburin kuwa tsohon teburin yankan atamfa ne, ya yi mata tsawo, dole ta ɗage kafaɗu ta lanƙwashe wuyan hannu kafin ta kai ga madannai. Wata takwas tana fama. An ce mata sanyi ne, ta sha maganin sanyi. Wata gwaggonta ta ce jifa ne. Mai kemis ya ɗora ta a kan maganin rage zafin ciwo, diclofenac, safe da yamma. Abin da ya kawo ta asibiti shi ne ranar da tana zuba wa maigidanta shayi butar ta suɓuce mata, saura ƙiris ta ƙona ɗanta. Na ce ta shimfiɗa tafukan hannunta biyu a kan tebur. Tudun naman nan na gindin babban yatsa, na hagu yana nan a cike, na dama ya lotsa. Ita kanta sai a ranar ta lura.

Ga abin da ya faru. A wuyan hannu akwai wani ɗan lungu, ƙashi ta ƙasa, wata ɗamara mai tauri ta sama. Ta wannan lungu igiyoyi tara masu lanƙwasa yatsu suke wucewa, tare da jijiyar ji guda ɗaya. Ku ɗauka ƙofar zaure ce da mutum goma ke son bi lokaci guda. In igiyoyin suka kumbura saboda kai-komo sau dubbai a yini, lungun ba ya buɗewa, jijiyar ce ke shan matsa. Shi ya sa yatsu uku da rabin na huɗu ke sagewa, ƙaramin yatsa kuwa lafiyarsa ƙalau, don shi jijiyarsa daban take. Juna biyu da ciwon suga su ma suna iya kawo shi, saboda haka a bar likita ya tantance. In an zo da wuri, sau da yawa ɗaurin da ake sa wa wuyan hannu da dare, da gyara zama, da rage aikin, sun isa. In an makara har nama ya lotsa, magana ta koma ta tiyata.

Ba masu kwamfuta kaɗai ba. Tela a goman ƙarshe na azumi, ya kwana ya yini a sunkuye kan keke, wuya da ƙugu su ke biya. Ɗan dako a Tudun Hatsi da ke saɓa buhu mai kilo 100 yana murɗa ƙugu zai jefa shi cikin mota. Nas mai ɗaga majinyaci ita kaɗai a aikin dare. Mai injin markaɗe da hannunsa ke karkarwa tare da injin daga asuba zuwa azahar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane a duniya. Abin ba sabo ba ne. Tun a 1700 wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya yi rubutu kan cututtukan masu sana'a, ya kuma shawarci likitoci su riƙa tambayar majinyaci aikin da yake yi. Har yau wasunmu a asibiti muna manta wannan tambaya. In likita bai tambaye ka ba, kai ka faɗa masa, ka kuma roƙe shi ya rubuta a kati.

Matsalar wannan ciwo ita ce ba shi da rana. Wanda injin ya datse wa yatsa, kowa ya ga jini, kowa ya san ranar Talata ce da hantsi, oga ma da kansa zai saka shi a mota. Amma wanda aiki ya ci shi a hankali, da me zai nuna? In ya yi ƙorafi a ce ragwanci ne, ko a ce "ai mu ma haka muka taso". Shi ma ya yi shiru don kada a ce ya raina arziki. Daga nan sai kemis, daga diclofenac da ke iya ɓarke gyambon ciki ya taɓa ƙoda, wasu har su zarce tramadol don su iya ƙarasa lodi. Cikin yaran da kuke gani sun faɗa ƙwaya, wasunsu da ciwon baya suka fara, ba da iskanci ba.

Yanzu bari mu zo ga doka, don na ga ogogi sun fara gyara zama.

A watan Disamba na 2010 shugaban ƙasa Goodluck Jonathan ya sa hannu kan Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1987. Hukumar NSITF, mai kula da asusun inshorar ma'aikata, ita ce ke tafiyar da ita. Mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata a asusun hukumar. Daga aljihunsa, ba daga albashin yaro ba. Dokar ta hana a cire wannan kuɗi daga haƙƙin ma'aikaci. In albashin shagonka gaba ɗaya naira dubu 200 ne, naira dubu 2 ke nan a wata. Kuɗin man janareta na awa nawa ne wannan?

Kuma kada wani ya ce ai wannan ta ma'aikatan gwamnati da na banki ce. Dokar ta ce ma'aikaci shi ne duk wanda aka ɗauka aiki, a rubuce ko da baki, na dindindin ko na wucin gadi, har da mai koyon sana'a, har da mai aikin gida in ba ɗan gidan ba ne. Ta shafi rauni a wurin aiki, da hatsari a hanyar zuwa aiki ko komawa gida, da cutar da aikin ya haifar. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma, a jerin cututtukan sana'a da ta sabunta a 2010, ta ambaci wannan matsewar jijiyar wuyan hannu da sunanta. Wani abin da ya kamata ya kwantar wa ogogi hankali: ba shari'ar neman mai laifi ba ce. Ba sai an tabbatar kai ka yi sakaci ba, asusun ne ke biya.

Sai dai akwai wa'adi, kuma nan mutanenmu ke faɗuwa. Ma'aikaci zai sanar da wanda yake yi wa aiki cikin kwana 14 daga faruwar abin ko daga samun labarinsa. Shi kuma mai aikin ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7. Neman diyya kuwa cikin shekara ɗaya ne, in akwai uzuri mai ƙarfi ana iya kaiwa shekara uku. To ciwon da ba shi da rana fa? Kai za ka yi masa rana. Ranar da likita ya duba ka ya rubuta, a ranar ka rubuta wa oganka takarda, ko da Hausa ce, layi huɗu sun isa: sunanka, aikin da kake yi, inda ke ciwo, abin da likita ya ce. Ka ɗauki hotonta a waya kafin ka miƙa. Na san kunya, na san za ka ce yaya zan rubuta wa mutumin da ya riƙe ni kamar ɗa. Ita baiwar Allahn nan haka ta ce mini. Da baki ta riƙa faɗa, ana ce mata sannu. Da hannun ya gaza, aka ce ta je ta huta, kafin mako ya zagayo wata ce a kan bencin. Ba ta da ko layi ɗaya a rubuce, shagon ma ba shi da rajista da hukumar.

Ni dai a ganina, tun kafin dokar Abuja mun san wannan hukunci. A hadisin Abu Zarri, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce game da waɗanda ke ƙarƙashinmu kada mu ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kuwa mun ɗora, mu taimake su. Taimakon nan ba tsada gare shi ba. Kira kafinta ya rage ƙafar tebur har gwiwar hannu ta yi daidai da madannai. Kujera mai jingina. Fitila mai haske a kan keke don kada yaro ya kai hancinsa bakin allura. Baro, ko mutum biyu a buhu ɗaya. Duk bayan rabin awa a miƙe, a miƙar da hannu minti biyu. Wanda ya yi yankan safe ya koma guga da rana, kada gaɓa ɗaya ta yini tana abu ɗaya.

Abu guda kuma ban yarda a yi masa jinkiri ba: ciwon baya da ya zo da sagewar tsakanin cinyoyi, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya riƙa zuba ba a sani ba, ko ƙafa ta fara ja. Wannan ba na mai ɗori ba ne, ba na gobe ba ne. A wuce Asibitin Koyarwa na Tarayya a daren.

Na'am, Alhaji, ga makirfo.

Ga waɗanda ba su ji ba, Alhaji ya ce yana da yara shida a shagon ɗinki, ba albashi yake ba su ba, kowa ana biyansa gwargwadon abin da ya ɗinka, kuma su da kansu ke ƙin tashi don kada kuɗinsu ya ragu. Gaskiya ka faɗa, Alhaji, kuma wannan ya fi duk abin da na faɗa wuya. Yaron da ake biya kan kowace riga ba zai huta don na ce ya huta ba. Amma waye ke karɓar ɗinki ashirin alhali shagon na goma sha biyu ne? Waye ke riƙe da makullin shago? In ka ce ƙarfe goma sha ɗaya ake kashe janareta ko da saura kwana uku salla, za su yi gunaguni, kwastoma biyu za su yi fushi, amma za a kashe. Batun rajista kuwa, ka je ofishin NSITF da lissafin abin da kake biyansu a wata, su za su nuna maka yadda za a yi.

Na ji ana kiran la'asar. Waɗanda hannunsu ya tsaya a sama ɗazu, su same ni bakin ƙofa bayan salla, mata tukuna, in duba tafin hannun kowa.